Neman shawara: gaban kekena yana ɗagawa amma ba ya tsayawa a sama

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da keken hawan dutse na gwanjo, taya mai inci 27.5, giya uku a gaba, takwas a baya, birkinsa na faifai ne mai waya. So nake in koyi ɗaga gaban keke in yi tafiya a kan tayar baya kaɗai. Idan na fizgo kan keken da hannu, tayar gaba takan tashi kaɗan ta koma ƙasa nan take. Idan kuma na taka feda da ƙarfi, sai in ji kamar zan kife ta baya, tsoro ya sa in daina takawa. In an yi sa'a ya ɗan tsaya, sai ya karkace hagu. Wace giya ta dace? A zaune ake yi ko a tsaye? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Keke:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo maganar ɗagawa, fara duba keken, domin birkin baya shi ne zai cece ka.

Da farko ka tabbatar wane hannu ne na birkin baya. Kekunan gwanjo ba daga ƙasa ɗaya suke zuwa ba: na Ingila da Japan birkin bayansu a hagu yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma a dama. Ɗaga tayar baya, juya feda da hannu, matsa kowane ka ga wanda ya tsayar da ita. Dole yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da tayar cak. Idan sai hannun birkin ya taɓa kan keke kafin ya kama, wayar ta saki, a ja ta. Idan yana ƙara amma ba ya riƙewa, mai ne ya taɓa faifan. Goge shi da sifirit da tsumma mai tsabta, in takalmin birkin ya sha mai kuma sai dai a canza shi.

Sannan sarƙa. Taka feda da ƙarfi a giyar da za ka yi amfani da ita. Idan ka ji ta yi tsalle a kan haƙora, ko dai sarƙar ta miƙe ko haƙoran sun cinye. Kada ka koyi wannan abu da irin wannan sarƙa, don daidai lokacin da ka zuba ƙarfinka za ta zame, gwiwarka ta daki kan keke. Ɗaure tayoyin biyu tamau, ka taɓa wayoyin tayar baya ko akwai wadda ta saki, tunda nauyinka duka a kanta zai koma. Iskar baya kada ta yi tauri sosai. Wajen PSI 30 a ma'aunin iska ya isa ga matsakaicin mutum mai taya da tub.

Ɗan Tsere:
Matsalarka ta farko a cikin tambayarka take: ka ce kana fizgowa da hannu. Hannu ba ya ɗaga keke. Abu biyu ne ke ɗaga shi, taka feda da mayar da nauyin jiki baya, kuma a lokaci guda ake yinsu. In ka lanƙwasa gwiwar hannu ka jawo, ƙirjinka ne zai matso gaba, nauyinka ya dawo kan tayar da kake son ɗagawa, shi ya sa take komawa ƙasa.

A zaune ake yi. Sa sarƙa a farantin haƙoran giya na tsakiya a gaba, a baya kuma na biyu ko na uku daga babban. In giyar ta yi sauƙi da yawa, gaban zai yi tsalle, ƙafarka ta yi ta juyawa a banza bayan taku biyu. In ta yi nauyi, ba za ka samu ƙarfin ɗagawa ba. Taho a hankali, gudun da bai wuce sassarfar mutum ba. Yatsan manuni yana kan birkin baya tun kafin ka fara, kuma ba ya sauka daga nan har ka gama.

Kawo ƙafarka mai ƙarfi sama, ta ɗan wuce tsakiya, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe 1 zuwa 2. Sunkuyar da ƙirji kusa da kan keke, gwiwoyin hannu a lanƙwashe. Sai ka taka fedar da ƙarfi, a daidai lokacin ka tura kafaɗunka baya har hannayenka su miƙe sambal. Daga nan hannun ya zauna a miƙe, ɗuwawu ya zauna a kan sirdi, ka ci gaba da takawa ba tsayawa. Idonka a can gaba, wajen mita 10, kada ka kalli taya.

Yanzu maganar tsoro, wadda ita ce babba. Ba a kawar da shi da ƙarfin hali, da atisaye biyu ake kawar da shi, kuma su za ka fara yi kafin ka nemi nisa. Na farko: ɗaga gaban ko da kaɗan ne, ka matsa birkin baya da gangan. Za ka ga gaban ya sauka nan take. Maimaita har yatsan ya riƙa yi da kansa ba tare da ka yi tunani ba. Na biyu: a kan ciyawa, ɗaga shi ya wuce iyaka da gangan, ka cire ƙafafu biyu daga feda ka dira a bayan keken, hannunka riƙe da kansa. In jikinka ya san cewa ƙarshen abin dirowa ne a kan ƙafa, zai bar ka ka kai inda keke ke tsayawa da kansa. Wurin nan ya fi yadda mai koyo ke zato tsayi, kuma mafi yawan masu koyo a ƙasa da shi suke tsayawa.

In ka saba, birkin ba damƙa ake yi masa ba, shafa ce. Ka ji za ka tafi baya, taɓa shi kaɗan. Ka ji gaban na sauka, ƙara takawa.

Baban Yara:
Ƙari a kan haka, rage tsayin sirdi da kamar santimita 5. Dirowa ta baya za ta yi sauƙi.

Ɗan Tsere:
Haka ne Baba, amma kada ya wuce hakan. In sirdi ya yi ƙasa sosai, gwiwa takan takure, ƙarfin takawa ya ragu, ya koma fizga da hannu. Tsakanin santimita 3 zuwa 5 daga inda ya saba ya isa.

Malamar Motsa Jiki:
A kan karkacewa hagu: yawanci tun a ƙasa ake jawo ta. Ko hannu ɗaya ya fi ɗaya ja, ko kafaɗa ta bi ƙafar da ta taka. Tabbatar keken yana tafiya a miƙe kafin ka ɗaga, hannu biyu su miƙe tare. In kana sama ya fara zuwa hagu, buɗe gwiwar dama waje. In dama ya nufa, buɗe ta hagu. Da wuri ake yin wannan, tun karkatar tana 'yar ƙarama. In ta yi nisa, sauka ka sake farawa. Tafiya a hankali fiye da kima ma tana kawo tangaɗi, ɗan ƙara gudu kaɗan.

Wajen sauka, miƙe tayar gaba ta fuskanci inda kake tafiya, ka sassauta gwiwar hannu ta shanye dukan. Kada ka taɓa birkin gaba kana sama. Tayar da ta sauka a karkace ko a maƙale ita ke jefa mutum ta saman kan keke.

Don Allah ka sa hular kwano da safar hannu, domin faɗuwar wannan wasa ta ƙeya ce. Takalmi mai rufi da shimfiɗaɗɗen ƙasa, ban da silifas. Ban da doguwar riga kuma: bayanta kan maƙale a sirdi daidai lokacin da kake son dirowa, bakin wando mai faɗi kuma sarƙa na kama shi. Nemi filin ƙwallo ko fili mai tauri da ɗan hawa kaɗan, hawan yana taimaka wa gaba ya tashi kuma yana hana gudu ƙaruwa. Yashi ba ya yi, tayar baya nutsewa take ta zame. Titi kuwa, cikin babura da adaidaita sahu, ba wurin koyo ba ne sam. Minti 15 zuwa 20 a rana ya fi awa biyu a rana ɗaya, don in hannu ya gaji yatsan birki ne ke fara makara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, birkin bayan a hagu yake, an kuma ja wayar. Yanzu gaban yana tashi, amma gudu sai ƙaruwa yake yi har ƙafata ta kasa bin fedar, sai ya sauka. In ƙara nauyin giya ne? Kuma wanda ake yi a tsaye ba tare da taka feda ba fa?

Ɗan Tsere:
Kada ka taɓa giyar tukuna. Ƙaruwar gudun alama ce cewa gaban bai kai inda ya kamata ba, kana ta bin sa da feda ne don kada ya faɗo. Ɗaga shi ya fi haka tun a takun farko, ka ƙara jingina baya, sannan ka bar yatsanka yana ɗan shafar birki alhali kana takawa. In ka kai wurin da ya dace za ka ji fedar ta yi sauƙi, gudun ya tsaya a wuri ɗaya. Ajiye duwatsu a mita 2, 5 da 10, kada ka nemi na gaba sai na baya ya zauna maka. In kana kai mita 10 ba tare da gudu ya ƙaru ba, to ka iya matsawa faranti ɗaya zuwa ƙarami a baya.

Na tsaye wani darasi ne daban. Can babu feda, ƙugu ake turawa baya da ƙasa har ya koma saman tayar baya, ana daidaitawa da miƙe gwiwa da lanƙwasa ta. Bar shi sai birkin nan ya zauna a yatsanka, don shi ma da shi ake tsare shi.