Yaya za a sa makaranta gaba ɗaya ta ɗauki nauyin yara masu buƙata ta musamman?

Malama daga Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. A firamaren da nake mataimakiyar shugaba muna da yaro kurma, da yarinya zabiya, da wani yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafafu, kuma an jingina su duka a wuyan malama ɗaya don ita ce mai haƙuri. Ranar da ba ta zo ba, zaman banza suke yi. Ta yaya aikin zai zama na kowa?

Malami daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina a kai kurman makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke nan Sakkwato, inda akwai malaman da suka iya maganar hannu, domin aji mai cunkoso ba zai ba shi haƙƙinsa ba.

Tsohon hedimasta, Arkilla:
Malam, makaranta ɗaya ba za ta ɗauke yaran jihar nan duka ba, kuma ba kowane uba ke da kuɗin kabu-kabu kullum ba. Malama, ki fara daga taron malamai, a buɗe wa kowane yaro shafi a littafi guda, a rubuta abin da ke taimaka masa, kuma kowane malami ya karanta kafin ya shiga ajin. Zabiya a zaunar da ita gaba kusa da allo, a riƙa ƙara girman rubutu, a ɗauke mata tsayuwar asambili a rana, domin zafin Afrilu a Sakkwato kan ƙona fatarta. Kurman kuma, malami ya daina magana yana fuskantar allo. Dokar hana wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara mashigarsu, kuma wa'adin ya wuce. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na iya samo siminti da magini a yi gangara, amma kada a manta da ƙofar bayi, wadda ita aka fi mantawa.

Wata uwa daga Gawon Nama:
Baba ya yi gaskiya, sai dai tsokanar yara a filin wasa ce ke fara korar irin waɗannan ɗalibai, don haka a sa maigadi da masu sayar da abinci cikin bayanin, tunda lokacin tara su ne ke tare da yaran.