Ɗana bahago ne, kakarsa ta ce a ɗaure masa hannu

Maman_Khalifa:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 5, tun yana rarrafe komai da hagu yake ɗauka, cokali ne, fensir ne, har jifa. Abinci kam da lallashi mun samu ya koma dama, amma rubutu ya ƙi sam, in ka sa masa fensir a dama sai ka ga littafin kamar kaza ta yi tono, kana juya baya ya mayar hagu kuma rubutun ya fito tsaf. To jiya mun je gaida Hajiya kakarsa ta gan shi yana aikin makaranta, wlh salati ta saka kamar an yi rasuwa, wai mun zuba ido yaro zai tashi a karkace, a zamaninsu tsumma ake samu a ɗaure hannun kwana kaɗan ya saki. Babansa ko uffan bai ce ba, kun san su a gaban uwa. Ni abin da ya fi damuna yaron ya fara cusa hannun cikin riga in ya ga baƙo. Wai zama bahago cuta ce ko aibu ne?

Ɗan_Fagge:
Maman Khalifa ni nan an yi min, don haka ba labari na ji ba. A firamare akwai wani malami da gefen rula yake buga min a gaɓoɓin yatsu, da sanyin safiyar hunturu kuwa, har yau in na tuna sai na ji hannun ya motsa. Na koma rubutu da dama amma rubutun nan ko ni wani lokacin ba na iya karantawa, sauran komai kuma, wuƙa, guduma, danna waya, yana nan a hagu, to me aka gyara? Kusan mutum 1 cikin 10 a duniya bahago ne, daga ƙwaƙwalwa abin yake, haka Allah ya yi shi. Obama da hagu ya riƙa sa hannu a takardun Amurka shekara 8, Bill Clinton ma haka. Turawan ma da can dukan yara suke yi a kai, Sarki George na 6 na Ingila, baban Sarauniya Elizabeth, bahago ne aka tilasta masa dama yana yaro kuma da in'ina ya tashi. Yanzu su ne har da ranar bahagwai, 13 ga Agusta.

Ummu_Hanan:
'Yar uwa a raba abu biyu. Ci da sha da dama wannan addini ne, hadisin yana cikin Sahihu Muslim, kuma kin ce kun riga kun koya masa, madalla. Ki ƙara masa da bayarwa da karɓa da gaisuwa, don gsky a garin nan yaro ya miƙa wa babba kuɗi ko kofi da hagu raini za a ɗauka, babu mai tsayawa ya tambaya ko bahago ne, ke za a zaga. Hajiya ta nan take kallon abin, tsoron bakin mutane take. Amma rubutu ni dai ban taɓa jin malamin da ya kawo nassi a kai ba. Abin dariya ma, Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, mu masu dama mu ne muke shafe tawadar allo da gefen hannu kafin ta bushe, bahago hannunsa na gaba rubutun na baya.

Baban_Goma:
Ku 'yan zamani komai sai kun kawo Turawa. Tsohuwar nan ta raini ɗan da kika gani kika aura, yanzu kuma ba ta san tarbiyya ba? A bi maganar manya a zauna lafiya.

Na_Maraɗi:
Baban Goma ai ba wanda ya ce ba ta san tarbiyya ba, magana ake a kan wa ke yanke abin da ake kira daidai. Ku a Najeriya har 1972 a hagun titi kuke tuƙi irin na Ingila, mu nan Nijar a dama irin na Faransa, rana ɗaya gwamnati ta ce ku koma dama don ku yi daidai da maƙwabta, Ghana ma ta biyo a 1974, daga ranar wanda ya bi hagu shi ne mahaukaci alhali jiya shi ne mai bin doka. Kuma ku duba bakinmu, mai taurin kai mu ce bahagon mutum, wanda ya juya magana mu ce ya yi bahaguwar fahimta, amini kuma na hannun dama, yaro yana jin duk wannan ba dole ya ɓoye hannu ba. Amma je ka filin dambe ka gani, can bahago abin tsoro ne, ɗan dambe ya saba da masu ɗaure dama sai ga naushi ta inda bai zata ba, shi ya sa za ka ji ana wa wasu laƙabi da Bahagon wane, makaɗa na zuga shi ana masa liƙi. Hannun da mushe, wato malami, ke duka a lakwal, wato makaranta, shi ne dai.

Maman_Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a. Baban Goma Allah ya huci zuciyarka, ni ban isa in ja da Hajiya ba, babansa zan tura ya je mata da maganar Ummu Hanan, in ta ji ci da gaisuwa suna dama ina ga za ta sauko. Gobe kuma zan leƙa makarantar in roƙi anti ta mayar da shi ƙarshen benci ta hagu, don kullum sai ya dawo yana cewa gwiwar hannunsa na karo da ta abokin zamansa.