Wai waye ya cancanci a kira shi likita?

Abban Sadiq: Jama'a wlh raina a ɓace yake. Jiya tun bayan asuba na kai Hajiyarmu asibiti, zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, muka yanki kati muka zauna kan benci har azahar, da layi ya zo kanmu likitan ko ɗago kai bai yi ya kalle ta ba ya rubuto gwaji da magani na kuɗin da ya fi ƙarfin aljihuna. Da yamma na kai ta wajen Baba mai magani na bayan masallacinmu, ya shimfiɗa mata tabarma ya tambaye ta me take ci, tana samun barci kuwa, har zancen rasuwar ƙanwarta suka yi ta yi kukanta ta share hawaye. Ya haɗa mata sabara da wasu saiwoyi ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Wannan shi ne likitan talaka, mai cewa a hana masu maganin gargajiya aiki bai san babu ba.

Anti Nas: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Yaya kar ka ce likita dan Allah, likita shekara 6 yake yi a jami'a sannan hukumar likitoci ta MDCN ta ba shi lasisi. An yi mata gwajin maleriyar kuwa?

Ɗan Kurmi: Shekara 6 ɗin me? Kakana tun yana yaro yake bin mahaifinsa daji saran ɓawon marke da maɗaci, ya tsufa a Kasuwar Kurmi yana wannan sana'a. Kafin bature ya zo wa ke ɗori, wa ke karɓar haihuwa in ba ungozoma ba, wa ke ƙaho in ba wanzami ba? Ita kalmar likitan ma aro ce daga dokta, ku riƙe abarku.

Ɗan Boko: To ai shi kenan, ku kira shi da sunansa na asali, boka.

Ɗan Kurmi: Kai wa kake kira boka?? Ka janye maganar nan

Malam na Tudun Wada: Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Boka shi ne mai duba da iƙirarin sanin gaibu, mai saiwa da ganye ba ruwansa da wannan. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Ɗan Boko: Malam ni ban zagi kowa ba, a Hausar da mai magani shi ne boka, shi ya sa tsofaffi ke ce wa likita bokan Turai. Ku tambayi kakanninku.

Maman Ihsan: Ni masu motar nan da lasifika ne ke ƙona min rai, a tsaya bakin kasuwa ana batsa gaban yara, jarka ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da shawara da taifot duk a haɗe, su ma likitocin ne?

Ɗan Kurmi: Waɗannan 'yan kasuwa ne Hajiya, ba su gada ba

Mai Kemis: Ku bari in sa baki. Maganin maleriyar da muke sayarwa yanzu daga wani ganye dangin tazargade aka ciro sinadarinsa, 'yar ƙasar Sin ɗin da ta gano shi, Tu Youyou, har kyautar Nobel ta samu a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan na masu sikila, da masoro da kanumfari da karan dafi a ciki. Ganye magani ne babu musu, matsalar ita ce awo, kofi ɗaya na wani ba shi ne na wani ba, kuma ƙoda da hanta su ke ɗaukar nauyin. Lambar NAFDAC ma a jikin kwalba ba shedar yana warkarwa ba ce.

Anti Nas: Yauwa. Ku duba kunun kanwa da wankan jego, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwar da zafin da ciwon zuciyar masu jego.

Bazazzagiya: Me ya kawo Zariya cikin maganar nan kuma? Kanawa ba sa shan kunun kanwa ne? Haihuwata 5 dukkansu da ganyen darbejiya na yi wanka ga ni garau

Ɗan Kurmi: Kanawa ma me suka yi miki Hajiya, ni fa ɓangarenki nake

Bazazzagiya: Ba da kai nake ba

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta kusan kowa ya yarda maganin gargajiya shi ne gatan talaka kuma asibitin ma daga ganye ya samo nasa, Mai Kemis ya tabbatar. Ni kaina mahaifiyata ungozoma ce, rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo. Ɗan Boko ka nemi afuwar mutane kan kalmar nan. An rufe.

Anti Nas: Admin ba haka Mai Kemis ya ce ba fa. Yaya Abban Sadiq har yanzu ba ka amsa min ba, in jikin Hajiya da zafi gobe ka kawo ta a yi gwajin, aikin safe nake, zan tsaya muku a layin.