Muhawara: wasiƙun jakadu da badaƙalar sarƙar lu'ulu'u a fadar Faransa

Malam Habibu: Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda har yau ake ɗora wa Sarauniya Marie Antoinette laifin sarƙar lu'ulu'un nan ta 1785, alhali ba ta saye ta ba, ba ta kuma taɓa rataya ta a wuya ba. Jeanne de La Motte ce ta yaudari Kadinal Rohan, wani babban limamin cocin Katolika, da takardun jabu, har ya karɓi sarƙar a hannun dillalan fada, Boehmer da Bassenge, a kan liba (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 1.6 da sunan sarauniya, sannan mijin Jeanne ya kai duwatsun Landan ya sayar. Duk wanda ya duba wasiƙun jakada Mercy-Argenteau, wanda ɗan ba-ruwanmu ne a rikicin, zai ga cewa an zalunci matar nan. Na taɓa kawo maganar, amma kowa ya yi gum.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, ɗan ba-ruwanmu fa ka ce. Mercy jakadan Ostiriya ne, ubangidansa Sarki Joseph na II yayan sarauniyar ne ciki ɗaya, kuma tun da aka kawo ta Faransa a 1770 shi ne yake aika wa mahaifiyarta Maria Theresa rahoton sirri a kan zamanta. Mutumin da ke cin abincin gidansu ba zai zama ɗan ba-ruwanmu ba.

Malam Isa: Hajiya, a yi masa adalci. A cikin rahotannin nan da kike magana, Mercy bai ɓoye cacar sarauniya da almubazzarancinta ba, domin amfanin jakada a wurin mai gidansa shi ne ya faɗa masa abin da yake gaskiya ko da ɗaci.

Hajiya Rabi: Faɗar laifin yarinya ga uwarta daban, yin adalci ga abokin gabar gidan daban. Rohan ya yi jakadancin Faransa a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga 1772 zuwa 1774, kuma Maria Theresa ta tsane shi saboda holewarsa. Breteuil, wanda ya zama jakada a can bayansa kuma ba sa ga maciji da juna, shi ne ministan da ya sa aka kama Rohan a fadar Versailles ranar 15 ga Agusta 1785, yana sanye da kayan limanci.

Alhaji Bello: Idan ɗan ba-ruwanmu ake nema, a ɗauki wasiƙun Dorset, jakadan Ingila a Paris.

Malam Isa: Alhaji, Allah ya ja da ranka, a 1783 aka gama yaƙin Amurka, inda Faransa ta mara wa masu tawaye baya a kan Ingila. Ba na jin shekara biyu ta isa ta wanke wannan daga zuciyar jakadan Ingila.

Alhaji Bello: To, a cikinku wane ne ya karanta wasiƙun da kansa? A kawo mana layi ɗaya mu gani.

Malam Habibu: Ba a wurin nan gizo ke saƙa ba, Alhaji. Matsalar ita ce Hajiya ba ta taɓa ganin mai sarauta da gaskiya ba, a kowace muhawara haka take yi.

Hajiya Rabi: Kai kuwa, Malam, ba ka taɓa jin an ambaci fada ba tare da ka cire takalmi ba. Ka janye kalmar ɗan ba-ruwanmu kawai mu wuce.

Malam Habibu: Ba zan janye ba.

Hajiya Rabi: Tunda dare ya yi, bari in taƙaita wa waɗanda suka zo daga baya. An yarda cewa Mercy ɗan gida ne, saboda haka shaidarsa ta faɗi. Babbar kotun Paris ta wanke Rohan ranar 31 ga Mayu 1786, jama'ar birnin suka yi ta murna, amma duk da haka Sarki Louis na XVI, mijin sarauniyar, ya kore shi daga fada, wanda ya nuna inda son zuciya yake.

Malam Habibu: Wa ya yarda? Kotun nan dai ita ce ta sa aka yi wa Jeanne bulala, aka yi mata lalas a jiki, aka kulle ta a gidan yarin Salpêtrière, kuma wannan ne Hajiya ta tsallake.