Shin kalmar "miracle" mu'ujiza take nufi a ko'ina?

Ɗalibar Fassara:
Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara labarin jirgin saman da ya sauka a kan Kogin Hudson na birnin New York ranar 15 ga Janairu, 2009, bayan tsuntsaye sun shiga injinansa biyu, kuma duk mutum 155 da ke cikinsa suka tsira. Amurkawa sun raɗa wa abin suna "Miracle on the Hudson". Ƙamus ya ba ni "mu'ujiza", amma da na zo rubuta "Mu'ujizar Hudson" sai hannuna ya yi nauyi. Shin kalmar tasu daidai take da tamu?

Malamin Tauhidi:
Wa alaikumus salam. Nauyin da kika ji yana da dalili. Daga Larabci muka aro mu'ujiza, kuma tushenta gazawa ce, wato abin da Allah yake bayyanawa ta hannun annabi har mutane su kasa zuwa da irinsa, kamar sandar Annabi Musa ko taguwar Annabi Salihu. Idan abin da ya saɓa wa al'ada ya bayyana ga waliyyi, karama ake ce masa, idan kuwa ga fasiƙi ne, istidraji ne. Ita "miracle" asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin abin mamaki, shi ya sa Turanci ya ɗora mata kayan da mu muka rarraba wa kalmomi da yawa. Matuƙin wancan jirgi gwani ne, amma ba annabi ba ne.

Tsohon Ɗan Ƙwallo:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara da abin da na gani. A Fabrairun 1989, a gasar matasa ta duniya da aka yi a Saudiyya, Tarayyar Sobiyet ta zura wa Flying Eagles, ƙungiyar matasan Najeriya, ƙwallo huɗu ba ko ɗaya. Wasu a majalisarmu har sun ɗauki takalmansu sun tafi gida, sai ga yaran sun farke duka huɗun, suka kuma yi nasara a bugun fenariti. Jaridun Turanci suka kira shi "Miracle of Dammam", da sunan birnin da aka buga wasan, mu kuwa abin da muka riƙa faɗa a daren nan shi ne "ikon Allah". Haka ma suke kiran farfaɗowar tattalin arzikin Jamus ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alhali masana'antu da aiki tuƙuru ake nufi. A wurin jirginki, ni da "tsallake rijiya da baya" zan yi amfani.

Malama daga Jos:
Ina da ɗan gyara. A majami'unmu muna cewa mu'ujiza ga ayyukan Yesu Almasihu, kamar mayar da ruwa ruwan inabi a Kana, amma muna faɗin ta har ga majinyacin da likitoci suka cire rai da shi sannan ya miƙe. Don haka, ƙanwata, ki duba waɗanda za su karanta. Sannan "tsallake rijiya da baya" ta kawo tsira ne kawai, ta bar mamakin a baya, ga shi kuwa mamakin ne ya jawo sunan.

Ɗalibar Fassara:
Na gode muku duka. Tun da masu karatuna sun haɗa Musulmi da Kirista, na sa "Abin Al'ajabi a Kogin Hudson" a kanun labarin, na ajiye "tsallake rijiya da baya" ta Baba Tsohon Ɗan Ƙwallo ga sakin layin da fasinjoji suke tsaye a kan fukafukan jirgin suna jiran jiragen ruwa.