Masu aiki daga gida, ku zo ku faɗa mana yadda abin yake

Ummu Hanan, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka ɗanɗana da kansu. Shekarata biyar ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin kayan gona, ofishinmu yana Bompai, ni kuma ina zaune a Rijiyar Zaki. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023, kuɗin adaidaita yake lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina. Yanzu oga ya ce in ina so in riƙa aiki daga gida, ranar Litinin kawai zan leƙa ofis, amma za a cire ɗan kuɗin mota da ake ƙara min. Maigida ya ce wuƙa da nama suna hannuna. 'Ya'yana uku, autar shekararta biyu, kuma gida ɗaya muke da surukata. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a nan tun watan Disamba 2021 gwamnatin jiha ta mayar da aiki kwana huɗu a mako, aka ce ranar Juma'a a yi daga gida. A sashenmu komai a fayil yake, fayil kuma yana cikin kabad a ofis, don haka abin da nake iya yi ranar Juma'a bai wuce amsa waya ba. Ki fara duba wannan: aikin naki a cikin kwamfuta yake, ko sai kin taɓa rasit da takardun sito da hannunki? In na takarda ne, za ki tara aikin mako guda ki sauke wa kanki ranar Litinin.

Injiniyan Samaru, Zariya

Anti, shekarata huɗu ina rubuta manhaja daga ɗakina, kamfanin da nake wa aiki yana Amurka, ban taɓa haɗuwa da ko mutum ɗaya daga cikinsu ido da ido ba. Zan faɗa miki tsakani da Allah.

Kuɗin da kike ganin za ki rage na adaidaita, wuta da data za su karɓi rabonsu a ciki. Ofis ne yake biyan waɗannan a da, ba ki sani ba. Na fara da ƙaramin janareta, sai na ga mai yana neman cinye ni, ga ƙara tana shiga mitin. Abin da ya sa na yanke shawarar sola shi ne duhun watan Oktoba 2024, lokacin da layin wutar da ke kawo wa Arewa ya lalace, muka yi fiye da mako ba ko ƙyas. Ina da aikin da zan miƙa ranar Alhamis. Na ɗauki laftof na tafi shagon mai cajin waya a bakin kasuwa, na zauna kan benci tsakanin wayoyi sun fi ɗari jere a kan katako, ina riƙe da kwamfutar a cinya don igiyar cajin gajeriya ce. Mai shagon ya caje ni kuɗin waya biyar, kuma bai zalunce ni ba. Kwana shida na yi a bencin nan. Wata na ƙarewa na sayi faranti biyu da batir da inbata.

Layi kuma ki riƙe biyu na kamfanoni daban-daban. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, wani layin ya mutu murus, wani yana ɗan motsi, da shi na tsira. Kuma kin san an ƙara kuɗin data a farkon 2025.

Sai maganar da ta fi ci min rai. Matashi yana ɗaki tun safe, ba ya fita, amma yana sayen buhun shinkafa yana gyara gidan mahaifinsa. Unguwa ta yanke hukunci: ɗan yahoo ne. Da na je neman aure, kawun yarinyar ya zo bincike, aka ce masa ba a san sana'ata ba. Sai da na buga takardar ɗaukar aiki na kai, wani malamin jami'a da ya koyar da ni ya tsaya min, sannan aka karɓi sadaki. Ke mace ce kuma an riga an san ofishinki, ba za ki sha wannan ba, amma za ki sha ƙanwarsa: za a ɗauka kin ajiye aiki.

Wani abu ɗaya da na ji daɗinsa: ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ko uku na rana ne a nan, mitin yakan kai magariba. Na faɗa musu tun farko cewa akwai minti goma sha biyar da ba na nan, suka rubuta a jadawali, har yau ba wanda ya taɓa min ƙorafi.

Maman 'Yan Biyu, Jos

'Yar'uwa, ni dai na yi wata takwas na gudu na koma ofis, kuma ban yi nadama ba. Aikina amsa kiran kwastomomi ne. Ina cikin magana da mutum yana fushi a kan kuɗinsa, yaro ya faɗo daga kan kujera, ya zan yi? Sau biyu aka ja min kunne saboda an ji kuka a waya. Ga shi duk wanda zai fita a gidan sai ya bar min sallahu: ki duba wake a wuta, mai ruwa zai zo, in an taso 'yan Islamiyya ki buɗe musu. Ba mugunta suke yi ba, ganina suke a zaune.

Aikin kuma ba ya tashi. A ofis ƙarfe biyar na yi kin ɗauki jaka. A gida ƙarfe goma na dare saƙo zai shigo ta WhatsApp, wai ai kwamfutar tana kusa da ke. Da aka zo ƙarin girma, waɗanda oga yake gani kullum aka ba. Kuma na yi kewar mutane, wallahi. Sai in yi kwana huɗu ban sa mayafi na taka ƙofar gida ba, har na fara jin ƙunci ban san dalili ba.

Hajiya Babba, Katsina

'Yata Ummu Hanan, ni tsohuwar malamar makaranta ce, yanzu ina duba rubutun ɗalibai ina gyara musu a kwamfuta daga ɗakina. Aiki daga gida ba baƙo ba ne a wurin matan Hausawa. Mahaifiyata da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta aurar da mu biyar, ba ta taɓa zama a kasuwa ba. Maƙwabciyarmu ɗinkin hula take, wata daddawa. Bambancin shi ne sana'arsu ana ganinta, ana jin ƙanshinta, kuma in baƙuwa ta yi sallama ana iya ajiye allura a gaisa a ci gaba. Lissafi ba ya son haka. In aka katse ki a tsakiyar jeri, sai kin koma farko.

Don haka surukarki za ki fara samu, kafin oga. Ki je ɗakinta ki durƙusa ki ce Mama, ga abin da aka ce a wurin aiki, me kika gani? Ki buɗe kwamfutar ki nuna mata, ko ba ta karanta ba za ta ga layukan. Ki roƙe ta ta zama ita ce mai cewa baƙi kina aiki. Maganar da in ke kika faɗa za a ce girman kai ne, in ita ta faɗa ta zauna. Kuma kada ki sallami mai rainon auta don kina gida, nan ne mata da yawa suke yin kuskure.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa daga Nijar. Ni fassara nake yi daga Faransanci zuwa Hausa, na bar biro, wato ofis, tun lokacin korona a 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke muna wuta, aka rufe iyaka, muka yi watanni cikin wahala. Na koma yin aiki daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, kafin zafi ya taso batir ya ƙare, rezo, wato sabis na waya, ma ya fi kyau a lokacin. Har yanzu da wuta ta dawo ban canza ba. Malama, ki gwada wannan lokacin, yara na barci, gida shiru. Awa ukun nan sun fi min yini guda a biro.

Na Gusau

Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba 2021, ina koyar da yara lissafi ta Zoom. Dare ɗaya sana'ar ta tsaya. Na tattara na koma gidan yayana a Zariya, kafin in daidaita rabin iyayen sun sami wani malamin. Kada ki yarda a ba wani teburinki na ofis, ki bar wa kanki wurin komawa.

Ummu Hanan, Kano

Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Hajiya Babba, jiya bayan isha'i na je wajen Mama kamar yadda kika ce. Ta yi shiru, sannan ta ce in ɗauki ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure inda muke ajiye buhuna, ita za ta riƙe auta daga tara zuwa azahar, mai raino ta karɓa. Yau na samu oga na ce na yarda da gwajin wata uku, kwana biyu a ofis maimakon ɗaya saboda rasit, teburina ya zauna, kuma kuɗin motar a mayar min da shi kuɗin data. Ya amince da biyun farko, na ukun ya ce sai ya yi magana da na sama. Maman 'Yan Biyu, na kuma ce bayan ƙarfe biyar ba na amsa saƙo. Injiniya, sola mai girman yaya zai ishe ni?

Injiniyan Samaru, Zariya

Anti, duba jikin cajar laftof ɗinki, yawanci za ki ga 45W ko 65W. Ki haɗa da fanka mai caji da ƙwan lantarki ɗaya, duka ba su kai abin da dutsen guga ɗaya yake ja ba. Ƙaramin inbata da batir ɗaya da faranti ɗaya ko biyu sun ishe ki, matuƙar ba a jona firji ko hita ba. Ki sa mai haɗawa ya ja layin zuwa ɗakin aikin kaɗai, soket biyu, kuma ki tura min hoton cajar kafin ki biya kowa.