Jerin fitilun da na gani a sama bayan Magariba, mene ne su?

Mai Albasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Noman rani nake yi a fadama, wajen Hadeja, kuma a wannan lokacin a gona nake kwana saboda injin ban ruwa. Makon jiya mun idar da Magariba ni da yaron da ke taya ni, duhu ya soma shiga amma yamma da sauran ja, sai ya ce, "Baba, dubi can." Ina ɗaga kai na ga wasu fararen fitilu sun jeru kamar carbi, suna tafiya a layi ɗaya daga yamma zuwa gabas. Babu ƙara, kuma ba sa ƙyaftawa irin na jirgin sama. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɓacewarsu. Akwai wani wuri a tsakiyar sama, duk wadda ta iso nan sai ta dushe, ta bayanta ma haka, har suka ƙare.

Tun ina yaro nake kwana a waje. Na san Zara, na san lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa, amma wannan ban taɓa gani ba. Ƙanena ya ce tauraruwa mai wutsiyar nan ce da ake yaɗawa a TikTok, wai jirgin wasu halittu ne. Tsofaffin ƙauyenmu kuwa har sun fara cewa ganinta ba alheri ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, domin ina so in ba mutanena amsar da zan iya tsayawa a kanta.

Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, yadda ka siffanta abin nan ya isa a gane shi. Taurarin ɗan'adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX da ke Amurka, masu raba intanet. Ka san farin farantin nan da ake kafawa a kan rufi? Da su yake magana. A Najeriya aka fara buɗe shi a Afirka, a Janairun 2023.

Roka ɗaya ce ke ɗaukar su da yawa ta sake su a wuri guda. A kwanakin farko suna tafe a jere, kuma suna ƙasa-ƙasa, shi ya sa suke da haske haka. Daga nan kowanne zai riƙa hawa a hankali zuwa kimanin kilomita 500, su bazu, haskensu ya ragu. Rukunin farko guda 60 ne, a Mayun 2019, yanzu kuwa dubbai ne.

Ɓacewar da ta dame ka ita ce babbar shaida. Ba su da fitila ko ɗaya, hasken rana ne ke bugunsu ya dawo idonka. Kai a gona rana ta faɗi maka, amma su da ke can sama har yanzu tana haska su. Da suka matsa gabas sai suka shiga inuwar duniya ɗaya bayan ɗaya, a daidai wuri guda. Shi ya sa bayan Magariba ko gab da Asuba aka fi ganinsu, da tsakar dare kuwa da wuya.

'Yar Maraɗi

Baba, ka gaya wa ƙanenka ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Tauraruwa mai wutsiyar gaskiya ce, ana kiran ta 3I/ATLAS, wani madubin hangen nesa da ke ƙasar Chile ne ya gano ta ranar 1 ga Yulin 2025. Abin da ya sa masana suka ɗauke ta da muhimmanci shi ne baƙuwa ce, daga wajen yankin ranarmu ta shigo, kuma gudun da take yi ya fi ƙarfin rana ta riƙe ta, wucewa za ta yi ba dawowa. Ita ce ta uku da aka taɓa gani irin haka, bayan ta 2017 da ta 2019. Madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya duba ta, ya ga tana fitar da iskar kabon mai yawa, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ga ƙura da tururin ruwa. Ƙanƙara ce da dutse rana ke dumamawa. Mafi kusancinta da mu shi ne ranar 19 ga Disamban 2025, kusan kilomita miliyan 270, wato ta fi rana nisa sosai, kuma ido kawai ba ya ganinta. Wadda mutane suka gani da idonsu wata tauraruwa mai wutsiya ce daban, ta Oktoban 2024, can yamma bayan faɗuwar rana. Tauraruwa mai wutsiya ba ta tsallake sama cikin mintuna, sai ka kwana ka sake dubawa kafin ka lura ta gusa.

Tsohon Safiyo

Malamin Kimiyya ya ba da amsa, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai abin nan yana damuna, kuma ba don tsoro ba. Na san amfanin intanet a ƙauyen da babu sabis, jikokina da shi suke karatu. Amma ku duba abin da ake ginawa a ƙasa. A Chile, kan dutsen Cerro Pachón, an kammala cibiyar binciken taurari ta Vera Rubin, madubinta mita 8.4, kyamararta megafiksel 3,200. Da aka fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, cikin kallon kimanin awa 10 ta zaƙulo duwatsun sararin samaniya fiye da 2,000 da ba a san da su ba. Shekara 10 aka tsara za ta yi tana ɗaukar sama. To duk tauraron ɗan'adam da ya gitta yana barin farin zane a hoton. Kuma wasu duwatsun da ke kusanto duniya daga ɓangaren rana ba a iya neman su sai da almuru ko hudowar alfijir, daidai lokacin da waɗannan suka fi ƙyalli. Kamfanin SpaceX ya gwada shafa wa wani tauraronsa baƙin launi a 2020, daga baya ya sa wa wasu kariyar rana, haske ya ragu amma bai tafi ba. Wasu kamfanoni da ƙasashe kuma suna harba nasu. Ban ga wanda ya nemi shawarar makiyayi ko manomi ba, alhali su suka fi kowa amfani da saman dare.

Mai Albasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar inuwar nan ta zauna mini. Malam, akwai yadda zan san ranar da za su sake wucewa? Ina so in tara mutane su gani da idonsu in yi musu bayanin a wurin.

Malamin Kimiyya

Akwai. Ka shiga shafin Heavens-Above, ka sa garinku, zai nuna maka lokaci da kusurwar da za su ɓullo. Jerin ba ya daɗewa, sai an yi sabon harbi kake samun mai kyau, don haka ka riƙa leƙawa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta fi sauƙin kamawa: tana tafe a kimanin kilomita 400, tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kuma ta fi kowane tauraro haske in ta biyo ta saman kai. Ka kashe tocila, ka ba idonka kamar minti 20 ya saba da duhu, ka zaɓi daren da wata bai cika ba. In hazo ya sauka kada ka tara kowa, ka jira ranar da ya washe.